Zafi da sanyi: lissafin da jikin dabba ke yi

Ɗalibi yakan fara da haddar siffofi: raƙumi na da tozo, giwa na da faffaɗan kunne, dabbar ƙasar ƙanƙara na da kitse. Sai karatu ya yi nisa yake gane cewa abin lissafi ne. Zafi na shiga jiki yana fita, kuma kowace dabarar sarrafa shi akwai abin da take ci, ko ruwa ko abinci.

Raƙumi ya fi kowa fito da wannan fili. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba, kuma da yake kitsen ya taru wuri guda, sauran jiki ba shi da bargon da zai tare zafi. Binciken masanin dabbobi Knut Schmidt-Nielsen a Sahara cikin shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da ƙishirwa ta kama yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya haura 40 da rana. Wato bashin zafi yake ci da rana, ya biya da dare idan iska ta huce, ba tare da ya yi gumi ba. Raƙumi mai kilo 500 kan yi tsimin ruwa kusan lita 5 a rana ta wannan hanya. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne aski: da aka sauke wa raƙumi gashi, ruwan da yake asara ya ƙaru da kusan rabi. Ashe gashin inuwa ne. Mai tausayin da ya ɗauko almakashi, cutarwa ya yi.

Haki ma ba kyauta ba ne. Kaza ba ta gumi, sai ta buɗe baki, ta saki fukafukai, tana numfashi da sauri. Da wannan numfashin take fitar da iskar kabon fiye da kima, sinadarin jini ya sauya, ɓawon ƙwai ya yi siriri ya riƙa fashewa. Idan kuma iska ta cika da laima, ruwan da hakin ke busarwa don jiki ya huce ba ya ƙafewa, hakin ya zama wahalar banza.

A sanyi lissafin juyawa yake. Ba gashi ne ke ɗumama dabba ba, iskar da ta maƙale cikinsa ce. Shi ya sa ɗan man fetur da ya malala a teku ya isa ya manne gashin tsuntsu, ruwa ya kai ga fata, sanyi ya kashe shi. Agwagwa kuwa tana tsayuwa kan ƙanƙara lafiya lau, domin jijiyar da ke kai jini ƙafa tana manne da mai dawo da shi. Jinin da ke sauka yakan miƙa ɗuminsa ga mai hawa, ƙafa ta zauna da sanyi, ƙirji da ɗumi.

Wasu sukan haƙura da fafutukar gaba ɗaya. Gaiwa takan shige laka ta naɗe kanta da yauƙi har ruwa ya dawo. Kuregen Alaska a dogon barcinsa na hunturu, an auna zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 2.9 ƙasa da sifili. Duk bayan mako biyu zuwa uku yakan yi makyarkyata ya ɗumama jikinsa na wasu sa'o'i, kuma wannan farkawar ce ke cinye mafi yawan kitsen da ya tara. Wanda ya shiga rami da rama, da wuya ya ga narkewar ƙanƙara.