Furen da na kashe sau biyu kafin na iya da shi

Karon farko da na shuka nemofila, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Na barbaɗa irin a kan ƙasa, na ajiye tukunyar inda rana take dukanta tun hantsi, ina ba ta ruwa safe da yamma, ina leƙawa kamar mai jiran baƙo. Mako uku shiru. Na ce ai tsohon iri aka haɗa ni da shi. Ashe irin lafiyarsa ƙalau, ni ce ban san halinsa ba.

Ɗan furen daji ne na yammacin Amurka, a Kalifoniya da Oregon yake fitowa da kansa a gefen tuddai. Yana tsirowa da ruwan lokacin sanyi, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu kafin zafi ya kankama. Duk rayuwarsa 'yan watanni ce. Shi ya sa idan ƙasa ta ɗau zafi, irin sai ya yi kwanciyarsa, ya ƙi motsi. Abin da yake so ƙasa mai sanyi, wajen digiri 13 zuwa 18, kuma a ɗan rufe shi, don haske ma yana hana shi tsirowa. Ni kuwa na haɗa masa zafi da haske a lokaci guda.

Karo na biyu na jira sanyi ya shigo, na rufe irin da ƙasa kamar rabin santimita, a kwana na goma sai ga su sun leƙo. Murna ta sa na yi rawar kai. Na ga sun cunkushe, sai na ciro su ɗaya bayan ɗaya na dasa a wasu tukwane, har da zuba musu takin zamani wai don su yi ƙarfi. Washegari rabinsu sun kwanta. Saiwarsa siririya ce kamar zare, karansa kuma ruwa ne zalla, da ka ɗan matsa sai ya karye. Nemofila ba ya son dashe, inda aka shuka shi nan yake so ya ƙare. Waɗanda suka tsira kuma takin ya sa suka yi ta ganye, kore shar, fure bai fi a ƙirga da yatsu ba.

A na uku ne na kama kaina. Tukunya mai faɗi, mai huji a gindi, ƙasa gauraye da yashi, ba taki. Na ajiye ta inda take samun ranar safe, inuwa ta rufe ta da azahar. Da suka tsiro na tsinke masu rauni da farce, na bar tazarar kamar santimita 15 tsakanin sauran. Ruwa kuwa sai na tsoma yatsa na ji saman ƙasar ya fara bushewa, kuma a gindi nake zubawa, ba a kan ganye ba.

Ranar da na farko ya buɗe, tsugunawa na yi a gabansa na daɗe. Faɗinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ganyen furen guda biyar, shuɗi irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa, tsakiyarsa fari tas. A nan na gane dalilin da Turawa suke kiransa shuɗɗan idanun jariri. A wajen masana sunansa Nemophila menziesii, don tunawa da Archibald Menzies, likitan jirgin ruwa ɗan Sikotilan da ya bi tawagar binciken teku ta Kyaftin George Vancouver a 1791. Ba ya tsayi, iyakarsa santimita 15 ko 20, sai dai ya yaɗu ya zubo ta bakin tukunya. Na taɓa ganin hoton tudun Miharashi a lambun Hitachi na Japan, inda ake shuka sama da miliyan 4, har ba a gane inda furen ya ƙare sama ta fara. Nawa guda tara ne, kuma ban raina su ba. Ƙudan zuma ma ba su raina ba.

Abokan gaba biyu na yi fama da su. Dodon koɗi yana zuwa da dare ya sheme ƙananan, sai da na riƙa fita da tocila ina tsince shi. Ta biyun kyanwata ce. Ban san me ta gani a jikinsa ba, amma wata safiya na tarar da ita ta baje a tsakiyar tukunyar tana birgima. Guda biyu suka tafi a ranar. Na kakkafa tsinkaye a tsakanin sauran, ta zo ta shinshina, ta harare ni, ta wuce.

Da zafi ya fara, ganyen ya koma rawaya, karan ya saki jiki. A da, da na ƙara ruwa ina neman ceto shi. Wannan karon na ƙyale shi ya bushe, na tsinke 'yan kwanson da suka maye gurbin furannin, na murje su a kan farar takarda. Irin yana cikin ambulan yanzu, a ƙasan durowa, na rubuta a bayansa: kada a taɓa sai sanyi ya shigo.