Ciwon Kawu ya dawo

Bara war haka muna ta hamdala, an gama yi wa Kawu gashin na'ura a maƙogwaro saboda ciwon daji, wato kansa, sati bakwai cur, murya ta dishe amma ya koma rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Makon jiya sai ga kullutu a wuya, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce kansar ce ta dawo.

Likitar ta zaunar da ni ta ce wajen da aka taɓa gasawa da wuya ya jure wani gashin, tiyata kuma ƙarin ya manne kusa da babbar jijiyar jini. Saura kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, sai kuma wata allura mai suna pembrolizumab da ake yi duk sati uku. Ita ba kashe ciwon take kai tsaye ba, ashe kansa wayo gare ta, akwai wani birki a jikin sojojin garkuwar jiki da ake ce wa PD-1 sai ta taka musu shi su tsaya suna kallonta, allurar ita ke ɗage birkin. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano shi, har ya samu kyautar Nobel a 2018.

Daren nan ban runtsa ba wallahi, ina ta karatu a waya. A wani gwaji mai suna KEYNOTE-048 da aka yi da mutum 882, waɗanda aka haɗa wa allurar da kemo rabinsu sun kai wata 13 da rai, masu tsohon magani kuwa wata 10.7, a kan haka Amurka ta amince da ita a matsayin maganin farko ga irin wannan ciwon a 2019. Da farko raina ya ɓaci, duk wannan bincike a kan wata biyu da 'yan kwanaki? Daga baya na ga akwai waɗanda ta karɓe su suka yi shekaru, ba su da yawa amma akwai su, kuma wata biyu ma ga mai 'yar da aka sa wa rana bayan Sallah ai ba wasa ba ne.

Kuɗin ne ke tsinka min zuciya, allura ɗaya miliyoyi. Jiya bayan isha'i muka taru a Agege, Yaya ya ce a sayar da filin gida, Kawu ya girgiza kai ya rubuta a takarda, don magana yanzu tana masa zafi: "Ɗana, a bar wa yara filinsu."

Litinin za mu koma a ga sakamakon gwajin PD-L1, wato abin da kansar ke taka birkin nan da shi, gwajin ne zai nuna ko allurar kaɗai za ta iya wadatarwa.