Yau a Nairobi, 25 ga Yuni 2024

Mu goma sha ɗaya muka fito yawon buɗe ido da safe, niyyarmu mu hau saman KICC, dogon ginin cibiyar taro ta Kenyatta, mu hango gari. Ko kusa da shi ba mu kai ba. Matasa sun cika tituna kan ƙudirin ƙarin haraji, direbanmu ya ce mota ba ta wucewa, muka sauka muka nufi babban masallacin da ake kira Jamia da ke titin Banda, a cewarmu mu yi azahar kafin ƙura ta lafa. Ashe harabar masallacin ta zama asibiti, likitocin sa-kai sai ɗaure raunuka suke yi. Muna bakin ƙofa iska ta kwaso mana barkonon tsohuwa. Hajiya, wadda ta girme mu duka, ta durƙusa tana tari, ido ya ƙi buɗuwa. Sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, tutar Kenya a wuya, man goge baki shafe a ƙasan idanunta. Ta tsiyaya wa Hajiya ruwan gorarta a fuska tana ta cewa “pole, mama”, sannunsu ke nan. Hajiya na “Allah ya yi miki albarka, 'yata”, ba mai jin yaren wani. Gorar na ƙarewa ta koma titi da gudu.

Kyamara na rataye a wuyana, wallahi kunya ta hana ni ɗagawa. Da yamma muka ji an kutsa majalisa, an harbi mutane. Tun ɗazu nake duba hotunan da ake yaɗawa ko zan ga fuskarta. Ina ta tunanin ko ta isa gida.