Furannin farkon damina a bayan garin Daura

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni na riƙa bin gefen wata gona a hanyar Mai'aduwa duk bayan kwana 3, taku 200 kacal, daga gindin wata kuka zuwa wani ɗan kwari. Gajartar hanyar da gangan ce. Mai cin dogon zango ƙasa kawai yake gani da ƙaya.

Kafin ruwa ya sauka, ido a sama ake sa shi. Bedi na zubo ƙananan furanni farare da ƙamshinsu ke tashi da yamma, tumfafiya kuwa ba ruwanta da bazara, ga furenta fari mai bakin shunayya ko a tsakiyar zafi. Gawo shi ne mai saɓa wa jama'a: sauran itatuwa na toho, shi yana kaɗe ganye. Da ka ga shamuwa ta fara ɗaukar kara zuwa sheƙa, mayar da idonka ƙasa.

Ruwan farko kan yaudari mutum. Yayyafi ya jiƙa saman rairayi, ciyawa ta tsiro, rana ta ƙone ta cikin mako guda. Sai ƙasa ta sha sosai, ka tona da yatsa ka ji danshi har tsawonsa, sannan abin kallo ke fitowa. Albasar kwaɗi ce ta fi ɗaukar ido, a kwari inda ruwa ke kwanciya: doguwar sanda ɗauke da manyan furanni farare masu jan zane. 'Yan kwanaki take yi ta yanƙwane, wanda ya bari sai mako ya zagayo ya rasa ta. Tsidau, wanda kowa ya sani da ƙayarsa, yana da fure rawaya mai kunne 5 da bai wuce farcen yatsa ba. Sai ka tsuguna za ka gan shi.

Lokaci ma sharaɗi ne. Ɗuman kada da safe yake buɗewa, kafin azahar ya murɗe, don haka daga ƙarfe 6:30 zuwa 9 ya fi. Kuka akasin haka: furenta fari mai reto da almuru yake buɗewa, jemagu su kwana a kansa, washegari ka tsince shi a ƙasa ya fara komawa ruwan ƙasa, yana wari.

Kuskurena na farko tsinke fure in zuba a leda. Zafi da gumi suka mayar da shi baƙi kafin in iso gida. Gara ka ɗauki hoto uku da waya: furen, ganyen, da dukan tsiron da tsabar kuɗi a gefensa don a gane girmansa. In dole sai ka adana, shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ɗora bulo, ka sauya takardar kullum har kwana 7, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Suna kuwa a bakin manoma da makiyaya yake. Ka yi sallama, ka ce "Baba, wannan me kuke ce mata?" ka rubuta nan take tare da kwanan wata. A sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda don taɓa ciyawa, saboda macizai na fitowa da ruwan farko. Ƙaron tumfafiya kada ya kusanci ido, albasar kwaɗi kuma ba ta miya ba ce, tana da dafi.