In za ku bi asalin dangi a Amurka, ku fara da tsohuwar da ke raye

Wannan maganar taku ce ƙannena da ke zaune a Amurka, musamman waɗanda Allah ya haɗa ku aure da baƙaƙen fatar ƙasar nan, da ku da aka haifa a nan uba Bahaushe uwa 'yar ƙasa. Wata rana dole maganar asali ta taso, ɓangarenmu ba wuya, ka ɗaga waya ka kira gwaggo a gida ta jero maka har kakan kaka da garinsa da sana'arsa, amma ɓangaren uwa ana zuwa kan kakar kaka sai a tsaya cak. Ni na ɗau alkawarin nemo wa matata da yarana nasu, na samo da yawa alhamdulillahi, sai dai na yi ɓarna a hanya wadda ba na so ko ɗayanku ya maimaita.

Babbar cikinsu, wadda har yau take cin raina, daga Afirka na fara. So nake in tabbatar cewa dangin matata mutanenmu ne. Na zauna ina ta karanta labarin Omar ibn Said mutumin Futa Toro da ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina, da Nicholas Said ɗan Kukawa ta Borno wanda ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts a 1863, ina ji a raina ai mu ma irin wannan za mu tono. Na sayi gwajin DNA, matata ta tofa yawu a 'yar kwalba muka aika, sakamako ya zo da kaso kaza Najeriya kaso kaza Kamaru da Kongo da Mali, na dinga nuna wa mutane, bayan wani lokaci kamfanin ya sabunta lissafinsa alƙaluman suka canza. Toh ku gane wani abu. An haramta shigo da bayi Amurka tun 1808, yawancin kakannin baƙaƙen ƙasar nan kafin nan suka iso, wato sama da shekara ɗari biyu ke nan, kuma in ka koma baya zuriya bakwai mutum ɗaya kakanni 128 gare shi, zuriya takwas 256. Wanne ne a ciki "asalin"? Sannan waɗanda aka kwaso daga gaɓar Najeriya ta yau zuwa Virginia galibi ta Bonny da Kalaba aka fito da su, Hausawan da aka tsallakar da su teku kuwa mafi yawansu Bahia ta Brazil suka faɗa. Gwajin yana da amfaninsa amma ba zai ba ka sunan gari ko sunan mutum ba.

Duk wannan lokacin kakar matata tana raye a kudancin Chicago, da hankalinta garau. A yankin Delta na Mississippi aka haife ta, iyayenta noman auduga suke na kashi-mu-raba a gonar wani, ta hau jirgin ƙasan Illinois Central ta zo arewa tana budurwa, cikin mutum kusan miliyan shida da suka baro kudu tsakanin 1910 da 1970. Na sha cin abinci a teburinta. Takan fara labari da kanta, wane ya yi kaza a coci, wance ce ta goye ni da mamata ta yi ciwo, ni kuma sai in katse ta da tambayar wai ko an taɓa ambaton Afirka a gidansu, ko wani tsoho yana salla, sai ta yi murmushi ta ce a'a ɗana, ta tashi ta shiga kicin. Allah ya yi mata rasuwa ban ɗauki muryarta ko ta minti ɗaya ba. Daga baya da na shiga takardu na ga sunaye uku iri ɗaya a gunduma ɗaya, tambaya ɗaya tak da zan mata ta raba min su, babu ita.

Saboda haka dan Allah kafin ku biya ko sisi a intanet, ku je wajen tsofaffin gidan. Kar ku ce "ba ni tarihin dangi", za a ce maka babu wani tarihi. Ka tambayi wa ya raine ki, wane suna ake kiran babanki da shi a gida ban da na takarda, wace coci kuke zuwa, ina aka binne mamarki, wa kuka sauka wajensa ranar da kuka iso Chicago. Sunan coci da maƙabarta sun fi komai amfani don su ne ke kai ka gunduma, kuma a Amurka takardun aure da na fili da na gado a kotun gunduma suke. Ka nemi izini ka kunna rikoda a waya. Ka roƙa a nuna maka Baibul na gidan, da yawa suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukan ciki, da 'yan takardun da ake rabawa a wajen jana'iza waɗanda tsofaffin mata ke tarawa a akwatin takalmi, a ciki ake jero iyaye da 'yan'uwa da garuruwan da suke. In kuma ka tambayi me ya sa kuka baro Mississippi ta yi shiru, ka ƙyale ta. Wasu cikin dare suka gudu, saboda bashin mai gona ko saboda an kashe wani nasu, ba kai ne za ka tilasta mata buɗe wannan ba.

Sai takardu. Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, kuma ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, don haka ta 1950 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a watan Afrilun 2022. Daga nan za ka fara ka dinga komawa baya ɗaya bayan ɗaya, 1940, 1930, 1920, kar ka tsallake ko ɗaya. Shafin intanet na binciken asalin dangi mai suna FamilySearch kyauta ne, shi nake ba ku shawara ku fara da shi kafin irinsa mai kuɗi, Ancestry. Ƙidayar 1900 tana da daɗin aiki don ta rubuta wata da shekarar haihuwa da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda suka rage a raye. Ta 1890 kusan duk ta salwanta sanadin gobarar da aka yi a Washington a 1921, wannan giɓin na shekara ashirin yakan haɗiye yaro sukutum, an haife shi bayan 1880 kafin 1900 ya bar gida, sai dai ka cike da takardar mutuwa, Mississippi ta fara rajistarta a 1912, ko katin rajistar soja na 1917 da 1918.

A nan na yi ɓarna ta biyu. Na ga wani ya riga ya haɗa bishiyar dangi a intanet, suna ya yi daidai, jiha ta yi daidai, na kwafe duka na ɗora a tamu, na yi ta gini a kai har na sanar da surukaina cewa ga kakansu na samo. Ashe wani mutum ne daban mai suna iri ɗaya a gundumar da ke maƙwabtaka, da na buɗe ainihin hoton shafin ƙidayar da idona sai na ga matarsa daban 'ya'yansa daban. Rushe abun da ka gina ya fi ginin wuya wallahi, don maganar ta riga ta zaga dangi. Duk abun da ba ka ga takardarsa da idonka ba kar ka rubuta shi a matsayin gaskiya, kuma duk abun da ka rubuta ka sa inda ka samo shi a gefe. Shekaru kuma kar su ruɗe ka, mace za ta zama 30 a wannan ƙidayar ta zama 36 bayan shekara goma, mai ƙidaya abun da aka faɗa masa a bakin ƙofa yake rubutawa kuma yadda kunnensa ya ji sunan. Ka riƙa karanta gidajen da ke sama da ƙasa a shafin, sau da yawa surukai ne da ƙanne.

Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da ta rubuta bayin da yaƙin basasar Amurka ya 'yanta da sunayensu, daga nan baya hanya ta canza gaba ɗaya. A 1850 da 1860 jerin bayi daban aka yi, sunan mai su kawai ake sawa, su kuma shekaru da jinsi da launi, ba suna. Dole ka gano wa ya mallake su, kuma kar ka ɗauka sunan gidan da suke amfani da shi na ubangida na ƙarshe ne, wasu na wani tsohon ubangida suka riƙe, wasu sabo suka zaɓa. Abun da ke taimakawa shi ne takardun Freedmen's Bureau, hukumar da ta kula da 'yantattu daga 1865 zuwa 1872, akwai yarjejeniyar ƙwadago da rajistar aure a ciki, da rajistar bankin 'yantattu da ya rushe a 1874, inda mai buɗe asusu kan faɗi sunan uwa da uba da 'yan'uwa. In ka ga tsohuwa a Mississippi an rubuta an haife ta a Virginia kar ka yi mamaki, kusan mutum miliyan ɗaya aka sayar ko aka kora daga jihohi irin su Virginia zuwa gonakin auduga na can kudu kafin yaƙin basasa. Tsohuwar da dangin matata suka samo asali daga gare ta ma haka ta fito.

A takardar rabon gadon wani mai gona na same ta, sunanta guda ɗaya ba na uba, da kuɗinta a gefe, a shafi ɗaya da alfadarai da kayan ɗaki. Ni murna ce ta kama ni don na daɗe ina nema, nan take na ɗau hoto na tura guruf ɗin dangi na WhatsApp. Ba wanda ya ce uffan. Da dare kawun matata ya kira ni, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce ɗana na gode da wahalar da kake yi mana, amma wannan kakata ce ka turo min farashinta ina tsaye a layin kanti. Ban sami abun cewa ba sai haƙuri. Irin wannan takardar a hannu ake kai ta, wa babban gida tukuna, a zaune, ka faɗa masa abun da ke ciki kafin ka miƙa, shi zai ce ga yadda za a sanar da sauran. Haka ma sakamakon DNA, zai nuno maka 'yan'uwa farare da kowa ya san ta yadda aka yi jini ya haɗu, wani lokacin ma ya nuno ɗan'uwa na kusa da ba wanda ya san da shi, kar ka sa kowa ya yi gwajin sai ka gaya masa haka na iya faruwa.

Kawun nan shi ya karanta sunanta da bakinsa a taron dangi na bazarar da ta biyo baya, bai ambaci kuɗin ba. Akwai ƙanwar marigayiya da ta rage a Memphis, yanzu duk zuwan da za mu yi 'yata ce ke riƙe wayar tana ɗauka ni ina gefe, kuma daga bakinta muka ji sunan cocin da zan rubuta wa wasiƙa in tambayi ko tsohon littafin rajistarsu yana nan.