Sunan da ke kan allo ba shi ne furen ba

Aikin garka a gidajen Yamai ya koya mini cewa ɗan allon da ake kafawa a gindin shuka ba shaida ba ne, magana ce kawai da hannun wani ya rubuta. Inda abin ya fi fito mini fili shi ne a kan hemerokal, furen nan mai dogayen ganye kamar na gamba, wanda kowace hudarsa yini ɗaya take yi: yawanci ta buɗe da safe, ta yanƙwane da dare, washegari wata ta buɗe a jikin karan. Asalinsa Sin da Koriya da Japan. A nan ba a cika ganinsa ba, sai a gidan da aka zo da saiwarsa daga waje.

Uwar gidan da nake yi wa aiki ta zo da saiwoyi daga Faransa, kowace da sunanta. Ɗaya an rubuta mata Stella de Oro. Wannan iri sananne ne, Walter Jablonski ya fitar da shi a Amurka a 1975: gajere ne, karansa wajen santimita 30, furensa ruwan ɗorawa, faɗinsa kusan santimita 7. Namu kuwa ya miƙe ya kusa mita, ya yi fure ruwan goro, bai ɗaura ƴaƴa ba, sai bin ƙasa yake yana tsirowa gefe. Na ce, "Hajiya, wannan ba shi ba ne."

Ta ce, "To wane ne, Malam?"

Shi wannan da sauƙi, halin Hemerocallis fulva ne, tsohon irin da ya yaɗu ko'ina. Sauran ne suka ba ni aiki. Ƙungiyar masu noman furen a Amurka, wadda ke riƙe da rajistar sunayensa tun 1955, ta rubuta iri sama da 80,000, kuma da yawa sun yi kama ƙwarai.

Launi shi ne mutane ke fara dubawa, kuma a ƙasarmu shi ya fi ruɗi. A Afrilu, da zafi ya haura maki 40, jan fure da ka gani da asuba ya koɗe kafin azahar. Hoton salula ma ba ya riƙe launi yadda yake. Don haka kafin hantsi nake dubawa, da abin awo a hannu. Tsawon kara, faɗin fure, launin can cikin maƙogwaronsa, ko yana da zoben wani launi kewaye da maƙogwaron, ko yana da ƙamshi, rassa nawa karan ya yi. Wasu ma da yamma suke buɗewa. Akwai masu zubar da ganye su kwanta lokacin sanyi, akwai masu zama kore duk shekara, kuma na farkon sun fi shan wuya a ƙasa mai zafi. Furen shekarar dashe kuwa ba a yanke hukunci da shi, shukar ba ta gama zama ba.

Ba kullum ha'inci ke kawo musanyar suna ba, ina son a san wannan. Rana tana cinye tawada. Yaro ya tuge allo, mai ban ruwa ya mayar da shi gindin maƙwabciya. Ko ƙwayar iri ta faɗi kusa da uwa, ta tsiro, ta danne ta, ta gaji allonta, alhali abin da ya fito daga ƙwaya ba lalle ya ɗauko uwarsa ba. Raba tushiya ne ke ba ka irin da ka sani. Yanzu da fensir nake rubutu a kan yankin gwangwani, in binne ɗaya a gindi, in zana wurin kowace shuka a littafi.

Abin da ya fi nauyi shi ne barin shuka ba suna. Baƙi suna tambaya, Hajiya tana son amsa, salula kuma, in ka ɗauki hoton furen, nan take za ta ba ka suna mai daɗin ji. Ba na yarda in rubuta shi. Gobe za a raba tushiyar a kai wa wata ƙawa a unguwar Yantala, ita ma ta ba wata, sunan ƙarya ya bi su gida-gida. Abin da nake rubutawa shi ne: ja, koren maƙogwaro, kara santimita 60, na kusa da famfo. Duk wanda ya karɓi dashe a wurinmu, da wannan bayanin yake tafiya, tare da ranar da aka raba.