Kwana 32 a bayan Madam

Sai da na kai shekara ashirin da uku kafin na san mace ce ta ba da umarni a Main Hoon Na, fim ɗin da muka kalla a gidanmu na Zariya har faifan ya fara tsalle. Farah Khan ce sunanta, a 2004 ta fitar da shi, bayan ta kwashe shekara goma sha biyu tana koya wa jarumai rawa. Mu dai jarumi muka sani. Sharukan, Amita, Daramendira. Sunaye na fara hawa a ƙarshen fim, sai a kashe kallo a tashi.

Karatun aikin jarida ne ya kai ni birnin Pune na Indiya. A shekarar ƙarshe, da lokacin horon aiki ya zo, wata malamata ta haɗa ni da wata darakta a Mumbai mai shirin fim ɗinta na biyu. Ba zan faɗi sunanta ba, kowa a wurin Madam yake kiranta, ni ma haka. Fim ne ƙarami da yaren Hindi, babu babban jarumi, babu rawa a kan dutse. Ni ce mataimakiya ta huɗu, wato ta can ƙasa. Aikina riƙe allo a gaban kyamara da kula da ci-gaban shiri: wace riga jaruma ta sa, a wane hannu kofi yake, shayin ya kai rabi ko bai kai ba.

A unguwar Andheri nake kwana, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Da asuba in shiga jirgin ƙasa, taragon mata, in sauka a Goregaon, in hau a-daidaita-sahu zuwa Film City, filin da ake ɗaukar fina-finai. Bakwai na safe zuwa bakwai na dare aka rubuta, amma ban tuna ranar da muka tashi a kan lokaci ba. Ranar farko aka fasa kwakwa aka raba alewa, irin al'adarsu ta neman sa'a, ni dai na koma gefe. Da azahar ta yi ina ta waige-waige, sai wani dattijo cikin masu haske, wanda ake kira Dada, ya nuna min bayan motar janareta. Ashe nan su ma suke shimfiɗa kwali su yi salla.

Madam ba ta da jiki, ba ta kuma da murya. Na zaci darakta sai da tsawa, don haka kwanakin farko na ɗauka za a taka ta. Mai ɗaukar hoton ya girme ta nesa, ya daɗe a harkar, kuma yana da wata ɗabi'a: in ta faɗi inda take son kyamara, sai ya juya ya ba babban mataimakinta amsa, namiji, kamar ita ba ta wurin. A rana ta uku ya kafe a kan sai an ɗauki wani sin daga sama. Ta ce to, a ɗauka yadda yake so, sannan a ɗauka yadda take so. Aka yi. Ta kira shi gaban allon kallo, ta sa aka nuna duka biyun, ba ta ce uffan ba. Wannan ya cinye mana kusan rabin awa, furodusa na ta duba agogo. Ba ta sake yi masa wannan alfarmar ba har aka gama fim. Duk lokacin da ya kawo nasa, takan saurara har ya kai aya, wani lokacin ta karɓa, wani lokacin ta ce “nawa ra'ayin za mu bi,” ta wuce.

A rana ta goma sha tara na tafka kuskurena. Akwai sin da jaruma ke fita daga ɗaki da korayen awarwaro na gilashi a hannun hagu, mun ɗauke shi tun rana ta tara. Shigowarta tsakar gida, wanda a fim daƙiƙa biyu ne tsakaninsu, sai bayan kwana goma muka ɗauka. Ban buɗe hotunan wayata na duba ba, na amince da idona. Ta shigo hannu fayau. Mai tace hoto ne ya gano da dare, lokacin kafintoci sun riga sun fara ɓalle tsakar gidan, don washegari wasu ne za su shiga wurin.

Cikina ya ɗuri ruwa. Na tsaya ina jiran a ce in tattara kayana. Madam ta kalli hoton sau biyu, ta tambayi sau nawa hannun ya fito. Aka ce sau uku. Ta yi shiru tana juya kofin shayinta, irin rabin kofin nan da suke sha a tsaye. Sai ta ce gobe za a ɗauki hannun jarumar a bakin ƙofa tana zare awarwaron tana ajiyewa, tunda dama matar barin gidan mijinta za ta yi. Ta juyo ta kalle ni.

“Ke kika ɓata, ke za ki ɗauka. Ni ina da wani sin a waje.”

Haka na ba da umarni karo na farko a rayuwata, a kan hannu ɗaya da ƙofa ɗaya. Aka ba ni ƙaramar kyamara, da yaron mai ɗaukar hoto, da Dada mai haske. Da na ce “akshin” ni kaina ban ji muryata ba, sai da Dada ya maimaita min. Na cika jarumar da bayani: ta tuna mijinta, ta tuna uwarta, ta yi a hankali amma kada ta yi sanyi. Ta dube ni ta ce, “Didi, abu ɗaya za ki faɗa min.” Na yi tunani, na ce ta cire su kamar ba ta so kowa a gidan ya ji ƙararsu. A ɗauka ta huɗu ta yi shi daidai, na ƙarshen ya ɗan maƙale a gaɓar hannu, ta murza shi ya fita. Na gani, na san ya yi, amma tsoro ya hana ni cewa ya isa. Na sa aka sake har sau tara. Da Madam ta duba da yamma, ta huɗun ta zaɓa, ta tambaye ni sauran biyar ɗin na waye, kuma wa zai biya kuɗin wutar.

Wani dare ta rage min hanya a motarta, muka maƙale a cunkoso ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A nan ta faɗa min shekara bakwai ta yi tsakanin fim ɗinta na farko da wannan. Tallan sabulu da na ganyen shayi ne suka biya mata kuɗin haya. Ta ce akwai furodusan da ya karanta labarin ya yaba, sannan ya tambaye ta wa zai riƙe mata ɗa in aka fita lokeshan.

Daga baya na bi tarihin waɗanda suka riga ta, na ga jiran nan ba a kanta aka fara ba. Tun 1926 Fatma Begum ta ba da umarni a fim, lokacin ko magana ba a yi a fim ɗin Indiya, amma har yau in aka ce darakta namiji ake fara kawowa a rai. Meghna Gulzar, 'yar marubuci Gulzar da jaruma Rakhee da iyayenmu suka sani, ta fara a 2002, ta yi na biyu a 2007, sai ta shekara takwas kafin fim ɗinta Talvar a 2015, kuma sai a nan aka fara ɗaukarta da muhimmanci. Kiran Rao mataimakiya ce a Lagaan na 2001, irin aikin da na yi. Nata na farko ya shiga sinima a 2011, na biyu sai 2024. Ba zan ce duk jinkirin don suna mata ba ne, kowacce da dalilinta, kuma maza ma kasuwa na kayar da su. Amma waɗannan suna da ƙofofin da za su ƙwanƙwasa a buɗe musu. Madam mahaifinta ma'aikacin banki ne, ba ta da kawu a harkar.

Ba waliyyiya ba ce. Takan manta mutane ba su ci abinci ba, kuma sau ɗaya ta sa mai kwalliya kuka a kan abin da ba laifinta ba ne, ba ta kuma ba ta haƙuri ba. Na ajiye wannan a raina tare da sauran.

Fim ɗin bai daɗe a sinima ba, daga baya aka sa shi a intanet. Na riga na dawo gida, muka kalla a falo da Mama da ƙannena. Daƙiƙa goma sha huɗu na ɗauka, shida suka rage. Na tsayar na ce ga nawa, Mama ta ce, “Hannun kawai?” Da aka gama ƙanena ya miƙa hannu zai kashe, ta hana shi, muka zauna sunaye na ta hawa. Nawa ya fito can kusa da na masu dafa abinci, an kuma rubuta shi ba daidai ba.